Ganyen da Bai Yi wa Ɓeraye Komai Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri, ya raba ka da ciwon bayan nan. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa bai ragu ba. An gyara rufin ɗakin Baba, ya daina yoyo, sai dai kafinta ya bar mana tsaninsa a tsakar gida kamar ya ba mu ajiya. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kana katse ni.

Maganar Baba ce, da ta 'yarka. Tun da ta zo wurina yin digirinta na biyu, aikinta shi ne ta bincika ko ganyen nan da ake dafawa yana sauke sukari a jini. Ranar da ka ji, ka bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya kana cewa ta gano maganin ciwon sukari. Ba ta gano ba, tambaya take yi. Amma Baba ya ji daga bakinka, bakinka kuwa a gidan nan ya fi na likita. Ya ajiye ƙwayoyin asibiti, Gwaggo ta ɗora tukunya, kullum da safe kofi guda. Ya ce jami'a ba za ta zaunar da jikarsa kan ganyen banza ba, tun da har ana bincikensa, to akwai magani a ciki.

Na je ɗakin gwajinsu na gani da idona. Ƙaramin ɗaki ne mai warin dusa, kejin ɓeraye a jere kan kanta. An raba su gida biyu, wasu ana ba su ruwan ganyen, wasu ruwa zalla. 'Yarka ita kanta ba ta san wanne ne wanne ba, abokiyar aikinta ce ke ba su, ita awon jini kawai take yi. Na tambaye ta ko ba a yarda da ita ba ne. Ta yi dariya ta ce ita ce ba ta yarda da kanta ba, domin tana matuƙar son ganyen ya yi aiki, kuma in ta sani, idonta zai taya shi. Na karanta littattafai a kan kimiyya ba kaɗan ba, ban ga wanda ya faɗi ma'anarta a taƙaice haka ba. Dabara ce da mutum ya ƙirƙiro don ya hana son zuciyarsa yi masa ƙarya.

Sakamako ya fito, babu bambanci. Ta maimaita, haka dai. Sai ka kira ta ka ce ta ba ka kunya, da wane ido za ka dubi mutane, ko za ta sake duba lissafin nata da kyau. Ta gane abin da kake nufi da "da kyau", ni ma na gane. Yaya, "a'a" ma amsa ce, kuma wahalar samun ta ɗaya da ta "i". Ana ajiye ɓerayen nan ne don kada a gwada a kan mutum. Mu mun gwada a kan mahaifinmu, kuma babu awo, domin Inna ta ɓoye na'urar awon sukarin a ƙarƙashin zannuwanta, wai lambobinta ba su da ladabi, faɗar masa da gaba kawai suke yi.

Kwanan baya ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ɗan rauni a babban yatsa. Bai warke ba, gefensa ya fara baƙi. Ya ce ba ya jin zafi ko kaɗan, a wurinsa alamar sauƙi ce. Na yi masa bayani cewa sukarin ne ya kashe jijiyar wurin, ya ce ni tun ina goye gardama ce sana'ata. Jikarsa ta durƙusa ta gaya masa ganyen bai yi aiki ba, ya shafa kanta ya ce tarbiyya ce, ba ta son yabon kai. Na kawo mota har ƙofar gida, ya ce ba zai shiga ba sai babban ɗansa ya yi magana.

Saboda haka ka kira shi. Kada ka ce a haɗa ganye da ƙwaya don ka fita kunya, zai riƙe ganyen ya saki ƙwayar. Ka gaya masa cewa tun farko ka yi magana ne kafin ka sani, ka ce ya shiga mota.

Ka gaishe min da maiɗakinka, da babban yaronka, da auta mai rowar murmushi a hoto. Inna da Gwaggo suna gaishe ka. 'Yarka ma ta ce a gaishe ka, da bakinta, ban sa ta ba. Yau da safe takalmin Baba ya ƙi shiga ƙafar.

Ƙanwarka.