Ba Wofi Ya Ce Ba, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Sarkin Fito na Kalgo. Gaisuwa da ban girma, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Bayan haka, ina da magana, ko da yake na makara da ita.

Ka tuna shekarar da ruwa ya cika har ya ci gonakin Diggi, ka ƙetarar da Baturen awon ƙasa da kayansa, jirgi ya so kifewa ka riƙe shi da gora. A gaci ya nuna ka da yatsa gaban jama'a, ya faɗi wata kalma sau biyu, ya rubuta takarda ya ba ka. Ranar babu tafinta. Kai ka ji “wofi”, kowa ma haka ya ji.

Ka dawo gida ka ce, “Na hisshe shi ruwa, shi dube ni shi ce mani wohi?” Ka jingine gorarka a bayan rumbu, ba ka sake taɓa ta ba. Masu tsokana a kasuwa suka maƙala maka sunan.

Ni ma na ji kunya, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na taho Gwandu da sunan karatu, na daina cewa ni ɗanka ne. Sau biyu kana aikowa in zo, ban zo ba sai ranar jana'izarka.

Makon jiya Inna ta ba ni takardar, ashe tana cikin tukunyar tufafinta. Na kai wa wani malami da ya yi karatun boko. Ya ce kalmar “wodi” ce. A bakin Turawa ana faɗinta ga mutumin da ya cancanci girma, wanda ya isa a amince masa. In suna son kushe mutum, sai su sa mata “an” a gaba. Na sa ya duba har sau uku. Babu “an” ɗin.

Yabonka ya yi, Baba. Shekara goma sha ɗaya kana sunkuyar da kai saboda yabo. Raina ya ɓaci da Baturen da bai koyi Hausa ba, amma shi baƙo ne. Ni a gidanka na tashi, ban buƙaci takarda kafin in san ko kai wane ne ba.

Ranar Jumma'a zan je Kalgo, malamin ya karanta ta a kasuwa, inda aka yi maka dariya. Gorar tana nan, Inna ta ce gara ta cinye gindinta.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna makomarka, Ya yafe mini abin da ban samu na roƙe ka ba.

Ɗanka,
Umaru ɗan Sarkin Fito