Wayar Shago Ta Dawo Hannuna

Daren Laraba, Tudun Wada

Hajiyar Abuja, wata mai sayen kayanmu, ta turo imel tana son jakunkunan fata kafin Sallah, yawan da ko aljanu munka sa aiki ba su gamawa. Yaya Bello, mai shagon, ya ce in rubuta "za mu ƙoƙarta", wai ba a ce wa mai saye a'a. Na ƙi. Na gaishe ta, na rubuta cewa rabi za mu iya, saura sai bayan Sallah. Na tura.

Yaya ya daina yi mani magana har la'asar, sai ga amsarta: ta yarda, har da godiya.

Ya karanta, ya miƙo mani wayar shagon. "Riƙe, Hadiza. Daga yau ke ka amsa ma masu saye."

Ga ta nan ƙarƙashin matashina.