Turakun Malam Jumare

Litinin, 8 Oktoba 1962
An kawo mana sabon malamin wasanni, Malam Jumare. Ya kafa turaku goma a fili, wai ɗalibai su riƙa ratsa su da ƙwallo. Ni da nake koyar da Larabci, na ce wa hedimasta ɓata lokaci ne. Dariya kawai ya yi.

Alhamis, 11 Oktoba
Jumare ya sa ƙanena Zailani a ciki. Yaron da tun da ya karye a ƙafa bara yake tafiya kamar mai taka ƙwai! Turaku huɗu ya ture, 'yan ajinsu suna ta shewa. Jumare ya hura usur. "Wanda bai taɓa faɗuwa ba ya sake dariya in ji."

Asabar, 20 Oktoba
Takarda daga gida, Kudan. Baba ya ce in maido Zailani gida ƙarshen zango, tunda ƙafar ta ƙi, karatun ma ya ja baya. Wai yaron ya zauna wajen masu dafa mazarƙwaila. Ban nuna wa Zailani ba tukuna.

Laraba, 31 Oktoba
Na tsaya bayan darbejiya ina leƙe. Mutumin nan yana da haƙuri. Ba ya tsawa. Cikin ƙafa, bayan ƙafa, juya, tsaya cak, sake. Yana duba agogonsa yana faɗa wa kowa sakan nawa ya yi. Na ji yana ce wa Zailani, "Ƙafarka ta warke tuni, tsoron ne bai warke ba." Ni yayansa ban taɓa gane haka ba.

Talata, 6 Nuwamba
Sakan ashirin da shida ya koma goma sha bakwai. Zailani da kansa ya zo ya faɗa mini, yana haki.

Asabar, 17 Nuwamba
'Yan Ikara sun zo wasa. Rabin garin nan na Makarfi na bakin fili. Wani dogo ya taso wa Zailani gadan-gadan, ta gefen ƙafar da ta karye. Na rufe ido. Da na buɗe, dogon yana zaune a ƙasa, Zailani ya kauce kamar mazari, ya yanke wani, ya miƙa wa ɗan wasanmu Uwaisu. Raga! An tashi ɗaya da ɗaya. Wai har hulata ta faɗi. Ban tuna na yi tsalle ba, amma abokin aikina Malam Lado ya rantse na yi.

Lahadi, 18 Nuwamba
Na rubuta wa Baba. Na ce ya yi haƙuri ya bar mini yaron, nahawunsa ya fara kyau. Gaskiya ne, ko da yake ba shi ne dalilin ba. Da hantsi na haɗu da Jumare, na riga shi gaisuwa. Ya ce, "Malam Haliru, gobe akwai atisaye." Na ce ina da aiki.
Ƙarfe huɗu ya ce, ina jin.