Ƙorafi Kan Hana Ragona Moli Shiga Awo Saboda Hatimin Kwamfuta

Sturlaugur Ketilsson,
Gonar Skjól,
Kwarin Hrafnárdalur.
25 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga
Mai girma Steinvör Illugadóttir,
Shugabar Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Makiyayan Tumaki ta Yankin Arewa Maso Yamma.

Ranki ya daɗe,

Game da: Hana ragona Moli shiga awon kaka, bisa zargin da ya biyo bayan ƙara wa kwamfutar reshenmu wurin ajiya.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mai suna a sama, makiyayi, ɗan reshen Hrafnárdalur tun ina saurayi. Ban saba rubuta wa ofis takarda ba, domin a ganina wanda ke da magana ya je ya faɗe ta ido da ido. Na je wurin shugaban reshenmu, Torfi Bergsson, na faɗi tawa ido da ido har sau biyu, kowane zuwa aka ba ni kofi da biskit aka rako ni bakin mota. Shi ya sa na rubuto.

Maganar a taƙaice ita ce: reshe ya roƙe ni in ƙara wa kwamfutarsa wurin ajiya, na ƙara, yanzu kuma saboda na ƙara ɗin an hana ragona shiga awon ranar Asabar 7 ga Oktoba. Ga yadda abin ya faru.

1. Kwamfutar da ake magana a kanta ita ce wadda muke haɗawa da na'urar sikanin don auna kaurin tsokar bayan raguna. Tsohuwa ce, irin mai kaurin jiki da gefunan roba da mariƙi kamar akwatin kafinta. Ta taɓa faɗowa daga kan tarakta, tunkiya ta taɓa harbinta, an taɓa mantawa da ita a garke cikin ƙanƙara, kuma duk ta tashi ta yi aiki, abin da ba zan iya faɗa a kan wasu 'yan kwamitin reshenmu ba. Laifinta ɗaya ne: cikinta ya cika. Bara ana tsakiyar awo ta ƙi karɓar hoto ko ɗaya. Mutane suka tsaya riƙe da ƙahonin raguna, hanci na zuba, magatakarda Bergvin yana goge tsofaffin hotunan tumakin mutane ɗaya bayan ɗaya don a samu wurin sa sabo. Ofishinki ya san da wannan, kuma ma'aikacinku na kwamfuta, mutumin kirki, ya ce ba zai samu zuwa kwarinmu ba sai Nuwamba.

2. Ranar Talata 5 ga Satumba da yamma muna zaune a kwamin ruwan zafi na wurin iyon gari, ni da Torfi da Bergvin da Fasto da wasu mutum biyu. Torfi ya juyo ya ce da ni (Stulli suke kirana), kuma ina kawo maganarsa yadda ta fito: "Kai Stulli, kai da ka gyara rediyon coci da injin tatsar kowa, wannan 'yar akwatin ce za ta gagare ka? Ɗauke ta gobe ka buɗe mata ciki, mu huta." Na tambaye shi ko da sunan reshe yake magana. Ya ce, "To da sunan wa? Da sunan surukata?" Aka yi dariya. Bergvin ya ce, "Na shaida." Fasto ya gyaɗa kai. Washegari Bergvin da kansa ya kawo min kwamfutar gida.

3. Ban yi makarantar wannan aiki ba, ban kuma taɓa cewa na yi ba. Da karatun littafin na'ura da ɓata kayan kaina na koya. Don haka zan faɗi abin da na yi dalla-dalla, duk mai ilimi ya duba. A gefen dama na kwamfutar akwai aljihun da ake sa faifai, wanda rabon da a yi amfani da shi tun kafin a haifi karena. Na zare shi, na sa wani gida mai girmansa daidai, a ciki na ɗaura sabuwar ma'adana mai cin terabayit ɗaya, irin wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, don haka jijjigar mota ba ta dame ta ba. Tsohuwar ma'adana tana ɗaya gefen, cikin gidanta mai ɗumama ta lokacin sanyi, kuma ban zare ta ba. Na share ƙurar ciyawa da gashin tumaki daga bakin robar da ke hana ruwa shiga, na mayar da komai, na ɗaure. Sai dai sukurun da ke riƙe aljihun faifan yana ƙarƙashin hatimin ofishinki, wata 'yar takarda mai gam wadda kashin tumaki ya riga ya rina, ɗan rago kuma ya taɓa cinye kusurwarta. Babu hanyar kaiwa ga sukurun sai ta cikinta. Na yanka ta da wuƙa, a miƙe, ban ɓoye ba.

4. Ya kamata ofishinki ya san abin da ya cika kwamfutar, tunda ba raguna ba ne. Fiye da rabin wurin, bidiyon walimar tsakiyar hunturu ta reshe ne, shekara bayan shekara, kuma mafi yawansa shugabanmu ne tsaye da kofi a hannu yana rera waƙa. Wato bara an goge hotunan tumakin mutane, aka bar wannan. Ban goge ko ɗaya ba, ko da yake na saurari kaɗan, kuma Allah ya ga zuciyata. Na kwashe su ne kawai zuwa sabuwar ma'adana, inda suke da fili su yi ta waƙa ba tare da sun takura wa dabbobi ba.

5. Ranar Juma'a 8 ga wata na mayar da ita gidan Torfi, na nuna masa hatimin da yatsana. Ya ce, "Haba Stulli, wa ke kallon wannan tsummar? Zo ka sha kofi." Ya kunna ta, ya ga waƙoƙinsa suna nan, ya buga min kafaɗa. Ranar Lahadi a bakin coci ya gaya wa mutane cewa hannuna na zinariya ne. Na ce masa ba a yabon mutum don ya yi abin da aka sa shi.

6. Ranar Asabar 16 ga wata aka sauko da tumaki daga dutse. A cikin shingen da ake raba tumaki ga masu su, kowa ya ga Moli, wanda ya hau dutse a watan Yuni yana ɗan mitsitsi ya sauko da baya kamar teburin cin abinci. Ba na yabon kayana. Amma tsofaffi uku sun bar nasu tumakin sun zo sun dafa bayansa, ɗaya har ya cire safar hannu. Torfi ma ya zo ya dafa, ya daɗe yana dafawa, ya koma wurin nasa ragon, wanda shi ma zai shiga awon bana. Ba na zargin kowa da komai. Ina faɗin jerin ranaku ne kawai. Kafin 16 ga wata hannuna na zinariya ne. Ranar 22 ga wata sai ga takarda daga kwamiti cewa bisa doka ta goma sha ɗaya, duk wanda ya karya hatimin kayan awo ba da izinin reshe ba, dabbarsa ba za ta shiga awon shekarar ba.

7. Takardar ta ce mai yiwuwa na taɓa makin awon uban Moli da na uwarsa da ke cikin kwamfutar, waɗanda ake haɗawa da nasa. Ranki ya daɗe, ni mutum ne da ya taɓa tuƙa mota ya koma kanti a cikin guguwa don mayar da ƙullin igiya da aka saka min a jaka bisa kuskure. Amma ban nemi a yarda da ni don halina ba, hali ba hujja ba ne a ofis. Kwamfuta tana rubuta ranar da aka taɓa kowane abu a cikinta. A duba. In an ga hannuna a kan makin ko da tunkiya ɗaya, a kore ni daga ƙungiya, a karanta sunana a taron shekara.

8. Da na tuna wa Torfi cewa shi ya sa ni, sai ya ce, "Ai wannan hira ce, tsoho, ba taro ba." Bergvin ya ce babu abin a littafin taro. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Da me zan rubuta, Stulli? Ka taɓa ganin wanda ya shiga ruwa da biro?" Fasto kuma ya ce ruwa ya shige masa kunne a ranar, gyaɗa kan da ya yi ƙoƙarin fitar da shi ne. Ba zan ce komai a kan Fasto ba, yana da wanda zai amsa wa.

A nan nake roƙon Mai girma Shugaba ta tsaya ta duba da kyau, domin maganar ta wuce ragona. Ke ma 'yar karkara ce, kin san inda ake yanke shawara a kwari irin namu. A cikin wannan kwamin aka sa ranar sauko da tumaki ta bana. A ciki aka raba gyaran shingen dutse. A ciki aka yarda a sayi na'urar sikanin ɗin kanta. Kuma a ciki, ina zaune ruwa iya wuya, aka ce Torfi Bergsson ya zama shugaba, tunda babu wanda ya so zuwa zauren taro a cikin sanyin Fabrairu. Daga baya ne aka rubuta. In maganar kwami ba magana ba ce, to reshenmu ba shi da shugaba, kuma takardar 22 ga wata wani mutum ne kawai mai son waƙa ya sa mata hannu. In kuwa magana ce, to da izini na yanka hatimin. Kwamiti ya zaɓi ɗaya. Ni dai abin da na sani, alkawarin mutum ba ya cikin aljihun wandonsa, balle a ce ya tuɓe shi ya rataye a ɗakin canza kaya. Abin da ka faɗa a jiƙe, ka faɗa.

9. Abin da ke gabana shi ne wannan. Ba zan iya riƙe Moli a garkena ba, domin yawancin tumakina danginsa ne na jini. Álfdís ta gonar ƙetaren kogi, wadda ke riƙe da garken mijinta ita kaɗai tun rasuwarsa, ta zo ta gan shi, ta ce tana so ya zama uban garkenta. Amma ta ce, kuma da gaskiyarta, "Ba na sa rago cikin tumakina sai da takardar awo, Stulli, ko da na ɗan'uwana ne." In babu awo babu takarda, in babu takarda babu Álfdís. Ragon da ba a ajiye don haihuwa ba kuwa, kin san motar da yake hawa. Motar mayanka za ta zo kwarinmu ranar Laraba 11 ga Oktoba. Dabbar nan ba ta riƙe sukurudireba ba, ba ta shiga kwami ba, ba ta san akwai doka ta goma sha ɗaya ba. Duk safiya Moli yana zuwa bakin shinge yana tura min kai cikin aljihu, ni kuma sai in kau da fuska.

Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in je in zare ma'adanar da na sa, a koma gidan jiya, ranar awo kowa ya tsaya cikin sanyi. Na ƙi. Ba a gyara rashin adalci da azabtar da ragunan mutane.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai girma Shugaba da ta yi waɗannan:

Na farko, ta soke hukuncin 22 ga Satumba, ta bar Moli ya shiga awon 7 ga Oktoba kamar kowane rago. In ana shakkar kwamfutarmu, a aro ta reshen maƙwabta a auna shi da ita, a gaban kowa, ni ina tsaye a waje hannuwana a aljihu.

Na biyu, ma'aikacinku ya duba aikina duk ranar da ya samu zuwa, ya manna sabon hatimi, wannan karon a inda ɗan rago ba zai kai baki ba.

Na uku, a umarci reshenmu ya sayi allo da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, a rataye su kusa da kwami, ko kuwa a hana kwamiti buɗe baki a cikin ruwa. Na farkon ya fi sauƙi.

Ban nemi a ba ni haƙuri ba, ban nemi a tsige kowa ba. Amsa nake nema, kuma ta iso kafin motar. In ta iso kafin nan, zan kai Moli awo da kaina, duk makin da ya samu in karɓa ba gardama, ko da ragon Torfi ya fi shi. In kuwa ta iso bayan motar, ba zan sake damun ofishinki da takarda ba. Zan karɓo kansa daga mayanka, in babbake, in raba biyu, in dafa da dankali yadda uwata ke yi, in kai wa kwamiti a taronsu na gaba. Ba don gori ba, mu ba ma zubar da abinci. Tunda an hana su auna shi da na'ura, sai su auna shi da haƙori, su faɗa min ko na yi ƙarya.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naki cikin girmamawa,

Sturlaugur Ketilsson,
Makiyayi, Gonar Skjól.