Durom Ya Riƙe Ni a Gaban 'Yata

Malama, ki taimake ni, garin neman gira ina shirin rasa ido. Ni mai walda ne. 'Yata shekararta biyar, tana tafiya tana tangaɗi, in ta miƙa hannu ga kofi sai ta wuce shi. Likita yana zargin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai daidaita tafiya, ba ta gama ginuwa ba tun a ciki. Ya ce a yi hoto. Na ɗauka irin na waya ne, ƙyas an gama. Ashe kwantar da ita za a yi cikin na'ura mai kama da bututu, ga ƙara, kusan rabin awa ba motsi. Yarinyar da ko a barci sai ta zagaye katifa! Hoton ya ɓaci, aka sake ba mu rana.

Sai na yanke gindin durom na kai gida don ta saba. Na shiga in nuna mata ba abin tsoro. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce, tumbi ya ce nan ne gida. Uwarta na jan ƙafafuna, ƙanena na tsiyaya man girki, yarinya na ihu wai abin ya haɗiye Baba. Yanzu ko asibiti aka ambata sai ta shige bayan ƙofa, uwarta kuma ta laƙaba mini Injiniya. Saura kwana tara.

Wanda Durom Ya Riƙe

Injiniya, sannu da fitowa. Dabararka ba ta da laifi, sabar wa yaro kafin ranar abu ne mai kyau. Awo ne ka manta. 'Yarka ma tana da gaskiya, ai da idonta ta gani.

Mayar da durom shago. Ku lulluɓe tebur da zane, a fara kwantar da 'yar tsanarta a ƙarƙashinsa, sannan ita, kana ƙwanƙwasa tebur a hankali. Minti biyu yau, gobe uku. Ka faɗa wa likita duk abin da ya faru. In ta kasa natsuwa, akwai maganin barci da ƙwararru ke bai wa yara suna lura da su. Hoton ne zai nuna irin taimakon da take buƙata, kada ranar ta wuce ku.

Kuma ka sanar da ma'aikatan sana'arka kafin ka kusanci ɗakin. Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfi, mai walda kuwa kan iya samun ɓurɓushin ƙarfe a ido. Wataƙila uwarta ce za ta raka ta.

Yau kai ka fara kwanciya, yarinyar ta zama alƙali, in ka motsa ta ci ka tara. Allah ya ba ta lafiya. Amma ka auna teburin tukuna.