Kwat Ɗin Babanku

Zuwa ga 'yata Jurgita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Norway. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin bana. Mu nan Lituweniya lafiya lau, ƙafar tawa ma ta yi sauƙi, an kuma gama haƙar dankali. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koyi riƙe alƙalami.

Abin da ya sa na rubuto, an sallami yayanki Vaidotas daga horar da ƙungiyar ƙwallon kwandon garinmu. Wai don an ci su sau huɗu a jere. An manta shi ya ɗauko ƙungiyar nan tun tana wasa a zauren makaranta. Kin san wa aka ba kujerarsa? Rimvydas, mataimakinsa. Rimvydas ɗin nan da na raina tare da ku bayan rasuwar uwarsa, wanda har gobe Mama yake ce mini. Ashe da ɗan gari akan ci gari.

Ranar Alhamis Rimvydas ya zo gidan nan. Na yi masa curin dankali da nama, ya cinye uku yana tsokanata wai girkina ne ya hana shi yin aure. Da zai tafi ya roƙi aron baƙin kwat ɗin marigayi babanku, ya ce jana'iza za shi. Da hannuna na goge, har maɓallin da ya yi sako-sako na ɗinke masa. Washegari maƙwabciyata Aldona ta shigo a guje ta ce in kunna talabijin, ga ɗan riƙona ya zama babban mutum. Sai ga shi a gaban 'yan jarida cikin kwat ɗin babanku, yana murmushi. Aldona ta ce ai bai yi ƙarya ba, jana'izar ce, sai dai mamacin yana da rai.

Yayanki ya ƙi kallon labaran, ya ce haka aikin koci yake, kada in sa a raina. Amma ba ya cin abinci, kuma wata ƙungiya a Jamus ta kira shi ganawa. Idan ya tafi, wa ya rage mini?

Ki gaishe mini da surukina Gintaras, da jikokina Ugne da Dovydas. Ki kira ni kafin Litinin don Allah, ki faɗa mini yadda zan yi. A ranar ce yayanki zai tashi zuwa Jamus, kuma ɗazu ya ce in goge masa kwat ɗin babansa, da shi yake so ya je. Rimvydas kuwa bai dawo da shi ba, ga maratayin can a cikin kabad, babu komai a jikinsa.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Genovaite