Karen da Ka Aiko wa Maame

Dansoman, Accra
14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Fiifi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ewurabena da yara. Allah ya sauƙaƙa muku sanyin Hamburg, ya tsare ka a hanyar aiki, ya kuma ba ka ƙarfin zuciyar karanta wasiƙar yayarka har ƙarshe, don ba gajera ba ce. Mu nan lafiya lau. Maigidana Ato ya warke daga ciwon bayan da ya kwantar da shi, har ya koma yi mini gardama, 'yarmu Kukua kuma ta fara koyon aikin jinya. Kawunmu Wofa Kwamena ya zo daga Saltpond makon jiya da kwandon busasshen kifi, ya tafi da rabinsa a cikinsa. Mahaifiyarmu Maame tana nan, kuma a kanta zan yi magana. Na zaɓi biro da takarda ne domin a waya kana da wata baiwa ta musamman: layinka ba ya yankewa sai magana ta iso inda ba ka so.

Tun ranar da ka kira ka ce ka samo wa Maame kare daga gidan nan da ake tara dabbobin da suka rasa masu su, hankalina bai kwanta ba. Shekara uku da rasuwar Papa ba ka taɓa tambaya ko tana jin kaɗaici ba. Ranar haihuwarta ma ni nake tuna maka. Sai ga shi rana ɗaya ka zama mai tausayin tsofaffi, kana ce mini likitocin Jamus sun gano dabba tana ƙara wa tsoho kwana. Na ce wa kaina, Araba, wataƙila shekaru sun fara gyara yaron nan. Ato ma ya ce zargina ya yi yawa, wai ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa ƙasan kofin. To, na leƙa, Fiifi, kuma na ga abin da ke ƙasa.

Bari in fara da abin da ba ka gani ba. Karen, wanda Maame ta raɗa wa suna Abotar, tsoho ne, gashin bakinsa ya yi fari, yana ɗan ɗingishi. Halinsa ba laifi. Ba ya cizo, ba ya sata, yana kwanciya a kan ƙafarta in tana gyaran kifi, yana cin dokono, tuwon masararmu mai tsami, kamar haifaffen Saltpond. Cikin kwana biyu ta kamu da sonsa, tana yi masa hira fiye da yadda take yi mana. Amma in ta ja ƙofa ta fita, ko da zuwa shagon bakin layi ne, sai ya fara wani irin kuka mai tayar da tsigar jiki, yana kartar ƙofa har faratansa su yi jini. Ranar da ta je taron matan coci na Talata, ta dawo ta tarar ya ci ƙasan ƙofar falo, bakinsa duk sartse da jini, maƙwabta sun taru a bakin katanga. A jikin ƙofar gida kuma ga takarda daga ma'aikaciyar gidan dabbobin, wata Madam Dede Ankrah, wadda ta zo dubawa ba sanarwa kamar yadda suka saba. Ta rubuta cewa in aka sake samunsa shi kaɗai, za su ɗauke shi.

Daga ranar Maame ta daina fita. Mako uku cur. Matar da likita ya ce ta riƙa tafiya kullum saboda ƙafafunta, ta zauna har idon sawunta ya kumbura kamar burodi. Ba ta je kasuwa ba, ba ta je coci ba. Anti Mansa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta rasu, aka yi jana'iza ranar Asabar, Maame ta sa baƙin zane ta tsaya a bakin titi da kare a igiya, direbobi huɗu suka ƙi ɗaukarsu. Na ƙarshen ma cewa ya yi, ai, Kaka, motarsa ba jirgin Nuhu ba ce. Ta koma gida ta cire zanen, ta zauna a kan dakali. Da na zo ranar Lahadi na ce mu mayar da shi inda aka ɗauko shi, sai ta harare ni ta ce, wato ni Malama Tabarau, duk littattafan da na haɗiye ba su koya mini cewa ba a mayar da mai rai kamar takalmin da ya matse ƙafa ba? Ta ce Madam Dede ta gaya mata tarihinsa: mai shi na farko wani tsoho ne da ya mutu a ɗaki a kulle, karen ya yi kwana uku tare da gawar kafin a fasa ƙofa. Ta ce wanda aka taɓa rufewa haka, ita ba za ta zama ta biyun da za ta juya masa baya ba.

Akwai kuma wurin da ta daina zuwa, kuma ka san wurin, kada ka yi mini fuskar waliyyi. Gidan Egya Bentsil, tsohon ma'aikacin gidan waya, inda take zuwa kowace la'asar su buga dara a ƙarƙashin mangwaro. Tana kiransa ɓarawon ƙwaya, yana kiranta uwar magudi, su yi ta faɗa kamar 'yan firamare har rana ta yi sanyi, ta dawo tana dariya ita kaɗai a hanya. Ka tuna bara da ka kira ni kana huci, wai an gaya maka uwarmu mai shekara saba'in da huɗu tana yawo gidan namiji, wai sunan Papa ya zama abin taunawa a unguwa? Na tambaye ka wa ya gaya maka, layi ya yanke. Ina zargin Anti Ekuwa, gwaggon matarka, wadda take zama a benci na biyu a coci da ido ɗaya a littafin waƙa, ɗaya a kan mutane. Ban da hujja a kanta tukuna, amma ina nema.

Da farko Madam Dede na zarga. Na ce waɗannan mutane sun ga tsohuwa, sun ga ɗanta yana waje, sun sauke mata kayan da ya gagare su. Na ɗauki hutun rabin yini daga ɗakin karatu na makarantarmu, na je har can da shirin yaƙi. Na tarar da mace siririya da rigar aiki duk gashin kyanwa, ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, Anti, ki zauna ki sha ruwa, ba mu muka zaɓa ba. Ta ce su ba sa ba da dabba sai sun auna ta da zaman mai ɗauka, wasu na mai fita aiki ne, wasu na mai yara, wasu kuwa sai wanda yake wuni a gida. Ta buɗe fayil ta juyo mini da shi. Dabbobi uku suka ba ka shawara a kai: wata tsohuwar kyanwa da ba ruwanta da kowa in dai ta ƙoshi, wani kare mai sanyin hali da zai iya wuni shi kaɗai, da kuma wani zomo. Abotar ba ya cikin jerin. Kai ka gan shi a shafinsu, ka karanta gargaɗin da aka rubuta da jan rubutu cewa ba a barinsa ko na awa ɗaya, ka ce shi kake so. Sun tambaye ka har sau biyu. Ka rubuta musu, na kuma karanta da tabarauna a hancina, cewa mahaifiyarka ba ta fita ko'ina, ba ta da ƙawaye, ba ta da wata hidima a waje.

Maame, Fiifi! Matar da in aka yi jana'iza a Dansoman ba ta nan, dangin mamaci kan aiko a ji ko lafiya. Ka dubi wannan mata ka rubuta ba ta da ƙawaye. Madam Dede ta ce ranar da ta zo duba gidan kafin su kawo shi, ta tambayi Maame ko tana yawan zama a gida, ita kuwa ta ce ai nan ne gidanta, ina za ta? Ka san ta, ba za ta ƙaryata ɗanta a gaban baƙuwa ba, ko da ba ta san abin da ya faɗa ba. Ina ta juya maganar a mota har na wuce inda zan sauka. Na nema maka uzuri, don ni na goya ka, kuma ba na son abin da nake tunani. Na ce ko mantuwa ce, ko gaggawa. Amma mai gaggawa ba ya tsallake dabbobi uku ya je ya tono na huɗu. Ba ka iya hana ta fita da bakinka ba, don ka san amsar da za ka samu, sai ka nemo abin da za ta so, ka ɗaure ta da shi. Ka yi amfani da tausayinta, ka kuma yi amfani da tsoron dabbar da ba ta san komai ba. In na yi kuskure, ka rubuto ka nuna mini inda na yi shi, zan durƙusa in ba ka haƙuri a gaban Wofa Kwamena. Ba na jin gwiwata za ta taɓa ƙasa.

Abin da ka manta shi ne yayarka tana karanta takarda har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Na karɓi kwafin yarjejeniyar na bi ta layi-layi. A shafi na uku an ce dole a sami babban mutum tare da karen da rana, amma ba a ce sai wadda ta ɗauke shi ba. Ana iya rubuta mai kula na biyu, in dai ma'aikaciya ta zo ta gan shi, ta ga karen ya yarda da shi. Na kai wa Maame wannan labari ina tunanin wata 'yar haya ko maƙwabciya. Ta sosa wa Abotar kunne, sannan ta ce in ɗauko biro in rubuta Joseph Bentsil. Na ce Maame, mutane fa? Ta ce waɗanne mutane, waɗanda suka zo suka taya ta zama cikin mako ukun nan? Ashe shi kaɗai ne ya riƙa aiko mata da lemo da 'yar takarda kullum, yana cewa ta fito ta karɓi kashinta, ko tsoro ne ya ɓoye ta a bayan kare.

Washegari da ƙarfe takwas ya iso da allon dararsa a hammata, da hula da sanda, ya sha guga kamar mai zuwa kotu. Abotar ya shinshina takalminsa, ya zagaya shi sau ɗaya, ya kwanta a kan ƙafarsa. Madam Dede ta zo ta gani ta sa hannu. Da ta tambayi adireshin mai kula na biyu, Egya Bentsil ya buɗe baki zai faɗi nasa, Maame ta ce ya rufe mata baki, tsohon banza, a rubuta na gidan nan kawai kada a wahalar da yarinya da gyara daga baya. Na ga kunnuwan dattijon nan suna rawa, Fiifi. Yanzu tana zuwa kasuwa da coci yadda ta ga dama, shi yana gadin kare, in ta dawo su buga dara a baranda, a kan kujerun da ka sani. Kumburin ƙafar ya sauka. Mutumin da kake jin haushin tana zuwa gidansa na awa biyu, yanzu yana wuni a namu daga safe har yamma, kuma da takarda mai hatimi.

Zuwan Wofa Kwamena ma ba don kifi kaɗai ba ne. Dangin Egya Bentsil sun je Saltpond sun ƙwanƙwasa ƙofar neman aurenta da kwalabensu kamar yadda aka saba, shi kuma a matsayinsa na ɗan'uwanta ya karɓa. Ka san a wurinmu wannan magana ta danginta ce, ba a neman izinin ɗa. An sa rana Asabar ta biyu a watan Disamba, a cocinmu, ba wani taro mai yawa.

Ban nuna mata fayil ɗin ba. Kwafin yana cikin jakata, kuma ina so ka kira ta ka faɗa mata da bakinka kafin ranar, ba ni ba. Sai dai ban tabbata akwai abin da za ka faɗa mata wanda ba ta riga ta sani ba. Jiya tana tankaɗe gari ta ce in rubuta maka cewa lallai ka zo, ba ta karɓar uzurin aiki ko na sanyi. Na ce to, ai dole ɗa ya zauna a bencin gaba. Ta ce wane benci? Ranar ita da Bentsil duk suna coci, ni da Ato da Kukua ma haka, doka kuma ta hana a bar Abotar shi kaɗai. Ta ce kai za ka zauna da shi a gida, tunda kai ka fi kowa sanin halinsa, kai ka zaɓo shi. Ta faɗi haka ba ta ko ɗaga kai daga rariya ba. Na riga na ba Madam Dede sunanka a matsayin mai kula na wannan rana, ta ce za ta leƙo.

Ka gaishe mini da Ewurabena, ka ce mata na gode da man shafawar da ta aiko. Ka rungume mini Nana Aba da Jojo, ka ce su rubuto wa kakarsu da hannunsu. Ato da Kukua suna gaishe ku, Wofa Kwamena ma ya ce a gaishe ka, yana jiranka da wata magana tasa. Egya Bentsil ya ce in isar maka da gaisuwar girmamawa, na kuma isar. In kun yi waya da Anti Ekuwa, ka ce mata ina nan tafe.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka da ta goya ka, ba ta kuma gama da kai ba,
Araba